Abin da aka gani a jinin gidanmu

Shekarun baya, a wata kaka da dawa ta yi kyau, yayana ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumbu. A dalilin wannan faɗuwa muka san wani abu game da gidanmu wanda iyayenmu maza suka koma ga Allah ba su sani ba. Na daɗe ina so in ba ku labarin, amma duk sanda na fara rubutawa sai in ga rabinsa tonon asirin kaina ne, sai in ajiye. Yau dai na ce bari in daure.

Mu mutanen wani ƙauye ne a yankin Dugabau, ƙasar Kabo. Kakanninmu makiyaya ne, daga baya aka zauna wuri ɗaya aka rungumi noma, ana taɓa kiwo a gefe. Mu uku ne a wurin mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna: yayana, sai ni, sai ƙanwata auta. Yaya ya riƙe gonakin gida. Ni aka sa a boko, na zama ma'aikacin lafiyar dabbobi a Gwarzo. Allurar rigakafin shanu, ɗibar jininsu a kai awo, ba tumaki maganin tsutsa, aikina ke nan.

A gidanmu akwai wata magana da ba a faɗa a fili, amma kowa ya san ta. Mazan gidan ba sa daɗewa. Mahaifinmu ya rasu yana da shekara arba'in da huɗu. Ya dawo daga sallar La'asar, ya ce Inna ta ba shi ruwa, kafin ta kawo kwanon ya kishingiɗa a tabarma, shi ke nan. Lokacin ina ɗan shekara goma sha biyar. Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, bai ma kai haka ba. A kasuwar shanu ya faɗi ana tsaka da ciniki. An ce kakanmu ma haka ya tafi, ba jinyar ko kwana ɗaya. Wasu a gari suka ce sammu ne aka yi wa zuri'ar tun wata tsohuwar rigima a kan burtali. Wasu suka ce iska ce. Limamin garinmu ya ce ajali ne kawai, a daina zargin mutane, kuma a bakinmu mun yarda da shi.

A zuciyata kuwa lissafi nake yi. Tun ina saurayi na yanke wa kaina cewa arba'in da biyar ce iyakata, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina ɗan shekara talatin da biyar aka ba ni damar komawa karatu, wanda da na yi shi da yanzu ina wani matsayi. Na ƙi. Na ce wa matata aikin ofis ya yi mini yawa. Gaskiyar ita ce na zauna na ƙirga, shekara huɗu a makaranta, in fito saura 'yan kaɗan, wa zai ci moriyarsa? Ta ɗauka lalaci ne, ta yi mita ta gaji. Ko filin da na saya a bayan gari, maƙwabtana duk suka dasa mangwaro da gwaba, ni rogo nake sawa kowace shekara, don shi ba ya sa mutum dogon jira.

Lokacin da abin ya faru Yaya yana da arba'in da uku, ni ina da talatin da tara. Da hantsi matarsa ta kira ni a waya, ta ce ya ɗauki damin dawa zai miƙa a rumbu sai ya saki, ya dafe ƙirji ya durƙusa, gumi yana keto masa kamar an watsa masa ruwa. A nan ne ma ta faɗa mini cewa ya fi wata biyar yana jin ƙirjinsa yana ɗaurewa idan ya yi tafiya da sauri ko ya ɗauki kaya. Shi ya ce ƙwarnafi ne, yana ta shan jiƙon kanwa, ya kuma hana ta faɗa wa kowa. Wanda ya san mutanenmu ya san wannan hali. A wurinmu namiji ya ce wayyo abin kunya ne.

Aka ɗauko shi a motar wani maƙwabci zuwa asibiti a Gwarzo, na tare su a can. Aka manna masa wayoyi a ƙirji aka auna bugun zuciya, likitan ya duba takardar da ta fito, ya ba shi wata ƙwaya ya ce ya tauna, sannan ya ce mu wuce Kano yanzu yanzu, kada mu tsaya ko'ina. A hanya ina riƙe da kansa a cinyata, ba abin da nake gani sai fuskar mahaifinmu. Yaya kuwa abin da ya dame shi dawar da aka bari a waje, kada awaki su shiga.

A babban asibitin da aka tura mu, muna isa aka ɗebi jininsa. Bayan 'yan sa'o'i sai ga ma'aikaciyar jinya ta dawo da sirinji za ta sake ɗiba. Nan fa ilimina na dabbobi ya motsa. Na tsaya ina yi mata bayani cewa ni ma aikin lafiya nake yi, na san ba a ɗibar jini sau biyu a yini ɗaya don awo ɗaya, ko dai sun zubar da na farkon ne? Ta dube ni ta tambayi a wane asibiti nake aiki. Da na ce na dabbobi, sai ta ce to in ɗan matsa ta wuce.

Likitar zuciya da ke duba shi, wata mata mai natsuwa da ba ta gaggawar magana, ita ta zaunar da ni daga baya ta warware mini. Ta ce akwai wani sinadari da yake zaune a cikin tsokar zuciya, ba a ganinsa da yawa a jini sai idan tsokar ta ji rauni, sannan yake zuba. Shi ya sa ake aunawa, a jira, a sake aunawa, don a ga ko yana hawa. Na Yaya ya hau. Ma'ana ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa jini ta tsuke har wani ɓangare na zuciyar ya galabaita. Ta ce Allah ya taimaka mun zo da wuri, ɓarnar ba ta yi nisa ba. Da ta ji muna noman rani, sai ta ce in tuna tiyon ban ruwa da laka take taruwa a cikinsa a hankali, ruwa yana raguwa mai gona bai lura ba, sai ranar da ya toshe.

Kwana biyu bayan haka ta zo zagaye da wata takardar a hannu, ta ce awon kitsen da ke cikin jininsa ya fito, wanda suke kira kolestarol, kuma irin marar kyan nan da ke mannewa a bangon jijiya ya yi yawa fiye da yadda ta saba gani. Yaya, da ya fara samun ƙarfin magana, ya ɗaga hannunsa da ba komai sai fata da ƙashi, ya ce, "Likita, kitse a ina? Ni da ko akuyar rani ta fi ni tsoka."

Ta yi murmushi, ta ce wannan kitsen ba ruwansa da ƙiba. Sai ta yaye mayafin da ya rufe ƙafafunsa ta shafa agararsa, ta bayan dunduniya. Akwai wasu 'yan kulluttai masu tauri a wurin, da kuma a kan gaɓoɓin yatsunsa na hannu. Mu mun san su tun muna yara. Mahaifinmu yana da su, baffa ma haka, kuma abin da aka faɗa mana shi ne gadon tafiyar kiwo ne, agarar makiyayi ke nan. Ta tambaya ko akwai wanda ya yi mutuwar farat ɗaya a dangi yana da sauran ƙuruciya. Ni da Yaya muka kalli juna. Na fara lissafa mata.

Da na gama sai ta ja kujera ta zauna. Ta ce abin da take zargi ciwo ne da ake gado. Hantar mai shi ba ta iya kwashe wannan kitse daga jini yadda ya kamata, don haka tun yana yaro yake taruwa, ko da kuwa bai taɓa cin nama ba. Kulluttan nan ma kitsen ne ya taru a agara. Idan uba yana da shi, kowane ɗa zai iya ɗauka, zai iya kuma tsallakewa. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa zaton zan ji ba, wato akwai maganinsa. Ba ya warkewa a rabu da shi, amma ƙwaya ce da ake sha kullum tana sauke shi, kuma wanda aka gano da wuri yana iya tsufa kamar kowa. Ta ce sai an auna jinin duk 'yan uwansa da 'ya'yansa.

Inna tana zaune a bakin ƙofa tana jin komai. Yaya ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da gadonsa, ko sannu sai dai ta ce a ce masa. Amma tun ranar da aka kwantar da shi ba ta koma gida ba. Da likita ta fita sai na ji ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, ashe abin yana da suna.

Ni kuwa ina fita na nemi wani lungu a bayan ɗakin, na cire takalmi na hau shafa agarata. Wallahi sai na ji kulluttai. Na shafa ta hagu, na ji sun fi na dama girma. A ranar na tabbatar wa kaina abin da na daɗe da sani.

Yaya ya yi kwana goma aka sallame shi da jakar magunguna da dogon gargaɗi. Saura awona. An ce in zo da safe ban karya ba. Ku ji ikon Allah, mutumin da yake tsayawa a rugage yana yi wa makiyaya wa'azi cewa gano ciwo da wuri shi ne rabin magani, mutumin da yake soka wa bijimi allura ba ya ko ƙiftawa, shi ne ya riƙa mantuwa yana karyawa. Ranar farko na ce na sha koko ban tuna ba. Mako na gaba na ce wani abokin aiki ya miƙo mini ƙosai, na kai baki kafin in farga. Na uku ban ma nemi hujja ba, na ce aiki ya taso a wata ruga. Ba allurar nake tsoro ba. Shekara ashirin da wani abu ina zaune da zato, kuma zato yana barin 'yar ƙofa a buɗe. Takarda kuwa idan ta fito ta fito.

Inna ce ta yi maganina. Ta zo Gwarzo ranar wata Lahadi ta kwana a gidana, da yamma ta ce gobe Litinin za ta yi azumin nafila don godiya ga Allah da ya tashi kafaɗar yayana, tana so in taya ta. Wa zai ce a'a? Muka yi sahur da ruwa da ɗan dabino, don ta ce ita ba ta son nauyin ciki. Gari yana wayewa, rana ta ɗan ɗaga, sai ta yafa mayafi ta ce in tashi mu tafi Kano, tunda yau dai ba wanda zai miƙo mini ƙosai. Na ce ai ɗibar jini za ta karya azumin. Ta ce ta riga ta tambayi malam, ɗan wannan ba ya karyawa. Ashe tun sati guda take shirya mini.

Ƙanwata ta biyo mu. Tana aure a Durun, tana koyarwa a wata Islamiyya, lokacin tana da shekara talatin da biyu da 'ya'ya uku. Ba don awo ta zo ba. Inna tana fama da gwiwa, ita take kama ta wajen hawa mota da sauka. Ita ma ta ɗauki azumin ranar, tana ramuwar wanda ta sha. Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Da muka shiga wurin likita don ta rubuta mini takardar awo, ta dubi ƙanwata ta tambaya wace ce. Na ce ƙanwarmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, rakiya ta yi. Ta ce to me ya sa ba za a auna ta ba? Na ce, da cikakken ƙarfin gwiwa, ai abin na maza ne, matan gidanmu lafiyarsu ƙalau.

"Malam, jini bai san mace ko namiji ba," in ji ta. "Mata yakan ɗan jinkirta musu ne kawai, shi ya sa ba ku lura ba."

Sai a lokacin na tuna gwaggonmu, yayar mahaifinmu, da ta rasu tana da hamsin da 'yan kai tana cikin tankaɗe. Ba wanda ya taɓa sa ta a lissafi. Aka ɗebi jinina, aka ɗebi na ƙanwata. Ita tana hira da mai ɗibar, ni na kawar da kai ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Ranar Alhamis na koma ni kaɗai karɓar sakamako. Kafin in fita daga gida na tsaya na daɗe ina kallon 'ya'yana suna shirin makaranta, har matata ta tambaya ko na manta wani abu ne. Likita ta buɗe takardata ta duba, ta ce jinina lafiya lau, kitsen yana daidai inda ake so, ban gaji ciwon ba. Na ce ta sake dubawa. Ta sake. Na ce to kulluttan agarata fa? Ta sa na cire takalmi, ta shafa, ta ce wannan ƙashin dunduniya ne, kowa yana da shi.

Sannan ta buɗe ta biyun, fuskarta ta canja kaɗan. Na ƙanwata ya hau, har ya ɗara na Yaya.

Na ce ba shakka an yi musayar kwalabe, tunda tare aka ɗeba, kuma sunan mahaifi ɗaya ne a jiki. Har na ɗan ɗaga murya. Ba ta yi fushi ba, ta ce tunanin yana da kyau, kuma dama irin wannan sakamako ana maimaita shi kafin a ɗora mutum a kan magani. Ta ce mu dawo mu biyu a ranaku dabam dabam. Ban faɗa wa ƙanwata dalili ba, na ce mata jinin farko ne bai isa ba. Aka sake. Abin da ya fito da farko shi ya sake fitowa.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara ji daɗi ne. Na fito daga asibitin ina jin kamar an sauke mini buhun da na manta ina ɗauke da shi. Na shiga motar Gwarzo a Kabuga, muna fita daga gari sai hawaye suka ɓalle mini, dattijon da ke gefena yana ta ba ni haƙuri, yana tambaya ko rasuwa aka yi. Na rasa yadda zan ce masa albishir aka yi mini. Kafin mu yi rabin hanya kuma daɗin ya juye ya zama kunya. Ina murna da me, alhali abin da ya tsallake ni a kan autarmu ya sauka? Duk shekarun nan ina ta jin tausayin kaina, ko sau ɗaya ban taɓa kawo ta a raina ba.

Washegari na tafi Durun. Na fara samun mijinta a ƙofar gida, bayan mun gaisa na yi masa bayani, sai ya ce mu shiga in faɗa mata da bakina. Na same ta tana gyaran zogale a tsakar gida. Na yi ta kewaye-kewaye, na fara daga tiyon ban ruwa, na bi ta hanta, na dawo kan gwaggo. Ta ajiye farantin ta ce, "Yaya, ni ce da shi ko?"

Na ce e.

"Da magani?"

Na ce da magani, ƙwaya ce kullum.

"To shi ne ka shigo da fuska kamar mai kawo ta'aziyya? Kai fa?"

Na ce ni ba ni da shi. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, har da 'yar dariya, ta ce ko ba komai an samu ɗaya da zai riƙa kai su asibiti. Daga baya ne mijinta ya faɗa mini cewa bayan tafiyata ta shiga ɗaki ta daɗe tana kuka, kuma ba don kanta ba, don yaran.

Aka duba zuciyarta, aka ga ba ta kai ga taɓuwa ba. Likita ta tabbatar ba ta da ciki kuma ba ta shayarwa, don maganin ba ya haɗuwa da waɗannan, ta ja mata kunne cewa duk sanda suke son ƙarin haihuwa ta fara zuwa a yi shawara. Aka ɗora ta a kan ƙwaya. Bayan wata uku aka sake awo, ita da Yaya, aka ga kitsen ya sauko sosai. Na Yaya sai da aka ƙara masa wani maganin a kan na farko kafin ya kai inda ake so. Ranar da likita ta jera takardun biyu, tsohuwa da sabuwa, ta nuna mana yadda lambar ta faɗo, Yaya da bai iya karatun boko ba ya karɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Wahalar da aka sha da shi a kan abinci ce. An ce ya bar man shanu da kitse da kayan ciki. Mutumin da tun yaye bai san tuwo ba man shanu ba, ya ce wannan ai horo ne. Matarsa ta daina kaɗa nono a gidan gaba ɗaya don kada ƙamshin ya tayar masa da hankali. Sau ɗaya aka kama shi a gidan suna ya sa an malala masa man shanu a shinkafa, labari ya riga shi isowa gida. Inna kuwa sai ta aika ƙanwata ta tambaye shi ko daɗin ya kai a bar marayu. Bai ƙara ba.

Aka auna yaran su ma. An samu biyu a cikin na Yaya, ɗaya a na ƙanwata, ana bibiyarsu tun daga lokacin, babban cikinsu har ya fara shan magani. Nawa 'ya'yan kuwa likita ta ce tunda ban ɗauka ba, ba ni da abin da zan ba su ta wannan hanya. Na bi 'ya'yan baffa gida gida ina yi musu bayani. Wasu sun je, an kuma samu masu shi a cikinsu. Ɗaya ya ce mini wannan rashin tawakkali ne, wanda kwanansa ya ƙare ba takardar da za ta tsayar da shi. Na ce gaskiya ne, amma ai shi ma yana kawo mini shanunsa rigakafi kowace shekara. Ya yi dariya, bai dai je ba. Har yau muna fama, duk Sallah sai na tayar masa da maganar.

Ni kuma sai da na zaunar da matata na faɗa mata ainihin dalilin da ya sa na ƙi komawa karatu. Na zaci za ta ji tausayina. Ta dube ni ta ce wato shekara da shekaru ina shirin barinta da yara ban ga ya dace in yi shawara da ita ba? Kwana biyu ba ta yi mini magana mai daɗi ba, kuma ban ga laifinta ba. Na koma karatun daga baya, a aji ɗaya da sa'o'in ƙannena, suna kirana Baba.

Idan na waiwaya yanzu, abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda muka zauna da abu tsawon zuri'a uku muna kiransa da sunaye iri iri, muna zargin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, alhali amsar tana yawo a cikin jikinmu, cokali ɗaya na jini ya isa a gan ta. Ajali gaskiya ne, ban taɓa shakka ba, kuma ni da aka ce jinina lafiya ina iya riga su duka tafiya. Amma na gane cewa abin da na yi shekaru ina kira tawakkali tsoro ne kawai na sa masa rawani. Mai tawakkali na gaske ita ce ƙanwata, da ta ji labari ta tambayi magani. Ina kuma yawan tuna mahaifinmu. Inna ta faɗa mini daga baya cewa shi ma ya yi kusan shekara yana dafe ƙirji idan ya dawo daga gona, yana cewa ƙwarnafi ne. Ba wanda ya san abin da za a nema a lokacin. Wannan yana yi mini ciwo har yanzu, amma ba irin ciwon da ba.

Don haka idan a gidanku akwai irin wannan tafiya ta farat ɗaya da take maimaituwa, ku je a auna jininku, ku tafi da matan gidan, kada ku yi irin wautata.

Yaya yanzu ya haura hamsin. Yana nomansa, sai dai ya bar ɗaukar kaya masu nauyi, kuma maganinsa ko tafiya zai yi yana aljihu. A Sallar da ta wuce muka taru a gida, yana zaune a ƙarƙashin darbejiya da jikarsa a cinya, tana ta jan gemunsa. Ina zaune kusa da Inna a ƙofar ɗakinta, sai na ga ta daɗe tana satar kallonsa, abin da ba ta saba ba. Gemun ya yi fari fat daga haɓa, kan kuwa baƙi ƙirin. Sai a lokacin na farga cewa ban taɓa ganin namijin gidanmu da furfura ba. Ba mu san yadda muke tsufa ba.

Inna ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya don kada ya ji, ta ce, "Ashe ta gemu take fara muku. Da haka mahaifinku zai zama."